Sumar da Na Aske a Mina

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Alhaji Yakubu, kuma har yau ban sake samun wanda nake jin daɗin aske wa kai kamarsa ba. Ni wanzami ne, ɗan wanzami, haifaffen Utaibiyya a nan Makka. Kakana ne ya taso daga ƙasar Kano da zabirarsa a rataye, ya biyo ta Sudan, ya zo ya sauke farali, ya ce shi kam ya iso gida. Na faɗi wannan ne don mai karatu ya san da wa yake magana. Ban yi boko mai zurfi ba, siyasa kuwa ko ta unguwarmu ban iya ba. Amma mutumin da zan tuna yau tauraron fim ne a ƙasar Tamil, can kudancin Indiya, wanda daga baya ya shiga siyasa har ya riƙe minista a jiharsu. Sunan da duniya ta san shi da shi ba zan rubuta ba, domin iyalinsa na nan da ransu. Yakubu shi ne sunansa na yanka, kuma da shi nake kiransa.

Tun kafin in gan shi ido da ido na san shi, albarkacin maƙwabcina Shahul. Shi Shahul ɗan Tamil ne, Musulmi, mai shagon shayi da mutabbak, wata irin waina mai ƙwai da nama, jikin shagona, bango ɗaya ya raba mu. Idan alhazai suka watse gari ya yi shiru, wajen Muharram da Safar, sai ya jawo ƙaramin talabijin ɗinsa ya ɗora a kan firji, ya sa kaset, ya leƙo ya ce, "Usta Haruna, ajiye almakashin nan, babu mai zuwa." Usta ake ce wa mai sana'ar hannu a nan. Mu Hausawa ai mun san fim ɗin Indiya, amma waɗannan daban ne. Jaruman baƙaƙe ne kamarmu, ga gashin baki, ga zane ɗaure a ƙugu an naɗe shi zuwa gwiwa. Ko kalma ɗaya ba na ji. Shahul ke fassara mini da Larabcinsa mai karkacewa, rabi fassara rabi ihu.

Jarumin da ya fi so kullum talaka yake fitowa: yau masunci, gobe mai tura keken haya, jibi ɗan dako. Kuma yana da suma. Kai, jama'a, suma! Ni da na tashi cikin gashin mutane, na taɓa kawunan kowace ƙabila da Allah ya halitta, ban taɓa ganin irinta ba. Baƙa wuluk, ta taru a gaba ta yi tudu, sannan wani ɗan tukku ya zubo a goshi. Idan azzalumin fim ɗin ya cika masa ciki, ba ya magana. Sai ya turo leɓen ƙasa ya hure tukkun nan sama. Da ya hure, Shahul zai miƙe tsaye da ludayi a hannu, don ya san duka ya zo. Sau nawa shayi ya ƙone a kan wuta saboda hurin nan, Allah kaɗai ya sani.

Daga bakin Shahul na fara jin tarihinsa, daga baya na ji sauran daga bakinsa shi kansa. Ɗan mai sayar da busasshen kifi ne a wani ƙauyen bakin teku. Ya gudu birni yana saurayi, ya shiga masu wasan daɓe, ya yi shekaru yana fitowa a yaron mugu, wanda ake naushi ya faɗa cikin kwandon tumatir. Wani mai shirya fim ne ya lura da gashin, ya sauya masa suna, ya sa shi gaba. Daga nan sai abin ya zama kamar hauka. Ranar da sabon fim ɗinsa zai fito, samari kan kafa hotonsa na katako mai tsawon bene, su hau tsani su kwarara masa madara a ka. Na ce wa Shahul wannan ai almubazzaranci ne, ga yara na jin yunwa. Ya ce, "Usta, kai ba ka san ƙauna ba." Muka yi kwana biyu ba ma gaisawa sosai.

Da ya shiga siyasa, masunta ne suka ɗauke shi a kafaɗa suka kai shi majalisa, suka sake kai shi, suka kuma. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne takardun da ake mannawa a bango lokacin zaɓe. Shahul ya nuna mini wata da ƙaninsa ya aiko. Babu fuska a jiki, babu ido, babu hanci. Zanen sumar ce kawai da tukkun, kuma ko tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san wa ake nufi.

To, shekarar da ya zo Hajji, a lokacin wayoyi masu ɗaukar hoto sun fara yawa a hannun mutane. Ranar Sallah da hantsi ina Mina, kusa da wajen jifa, inda mu wanzamai muke tsugunawa a wancan zamani, gashi ya taru a ƙasa har idon sawu. Sai ga Shahul yana tsallake mutane, yana haki, idonsa ja. Shi ma aikin girki ya samu a tantunan 'yan Indiya a waccan shekara. Ya kama hannuna ya ce in taso yanzu-yanzu. Na ce ga layi a gabana. Ya ce ko sarki ne a layin in bar shi. Ban taɓa ganinsa haka ba, sai na bar wa ɗan'uwana mutumin da nake yi wa aski, na ɗauki sabuwar reza na bi shi. A hanya ya raɗa mini cewa jarumin nan namu ne ke neman wanzami.

A cikin tantin akwai mutum kamar biyar a tsaye, da wani dattijo a zaune kan tabarma cikin harami. Na duba ko'ina ina neman jarumin. Shahul ya zungure ni ya nuna dattijon da haɓa. Wallahi ban gane shi ba. Tsakiyar kan sanƙo ne fal, rana ta ƙona shi ya yi ja. Gashin gefe dogo ne, ya zubo a kan kunne ɗaya kamar igiyar da ta kwance, samansa baƙi, gindinsa fari tas. Ashe shekara da shekaru akwai mutum guda da ba shi da aiki sai kan nan: shi ke rinawa, shi ke ɗora ƙarin gashi a tsakiya, shi ke jawo na gefe ya rufe, shi ke zubo da tukkun. Ko matarsa, in ji Alhaji daga baya, ba ta ganinsa da safe sai mutumin ya gama. To mutumin ba Musulmi ba ne, ba shi da hanyar shiga Makka. An baro shi a wani otal a Jidda da akwatin kayan aikinsa, yana jira. Mai harami kuwa ba ya rufe kai. Tun da suka shigo, yaransa ke bin sa da laima a sunkuye, da ƙyallen rufe hanci, kada wani ya gane shi.

Sakatarensa, wani siriri mai tabarau, shi ya tare ni. Ya nuna mini kan ɗan yatsansa, ya ce iyakar abin da zan rage ke nan, daga gefe da ƙeya, kada in kuskura in wuce. Zaɓe saura 'yan watanni, an riga an buga takardu, kuma in na kwashe na gefen nan, mutumin Jidda ba shi da abin da zai kama ya ɗaura aikinsa a kai. Ni ban ga laifinsa ba. Saisaye ya halatta, kowa ya sani, aski dai malamai suka ce ya fi lada. Na ce, "Tayyib, babu damuwa." Na fito da almakashi.

Dattijon ya ɗaga hannu. Ya yi magana a hankali, doguwa, yana kallon ƙasa, Shahul na fassarawa. Ya ce a Muzdalifa cunkoso ya raba shi da yaransa, ya tsinci kansa cikin alhazan jiharsu, har da mutanen gundumarsa, yana jin su suna hirar farashin kifi. Ƙyallen hancinsa ya faɗi, laima babu. Ya zauna a tsakiyarsu har gari ya waye, babu wanda ya kalle shi sau biyu. Wani tsoho ma ya miƙa masa takalmansa ya ce ya riƙe masa zai je alwala, ya riƙe. Ya ce da farko daɗi ya ji, irin daɗin da ya manta da shi. Daga baya sai tsoro ya kama shi. Mutanen nan da ya yi shekaru yana cewa nasa ne, shi suke so, ko abin da ke cikin akwati a Jidda?

"Usta," ya ce da ni, wannan da bakinsa ya faɗa da Larabci, "kwashe duka."

Sakataren ya durƙusa yana roƙo da yarensu, wani daga cikinsu har da kuka. Ni kuma na tsaya kamar gunki, almakashi a dama, reza a hagu. Gaskiya ban so ba. Na ce wa Shahul ya gaya masa Allah ba ya ƙin saisaye, ya yi tunani, abin da reza ta ɗauka ba ya dawowa kafin zaɓe. Ya yi murmushi ya ce ai shi ya sa. Ya juya ya fuskanci alƙibla, ya sunkuyar da kai ya miƙo mini gefen dama. Na jiƙa kan da ruwa, na yi bismilla, na ɗora reza. Shahul ya juya mana baya, bai iya kallo ba. Ba a ɗau lokaci ba, gashin ai ba shi da yawa. Da na gama ya shafa kan da tafin hannu biyu, ya nemi madubi, ya daɗe yana kallo. Ya ce kamannin babansa ne sak, bai taɓa sani ba. Sannan ya tashi ya fita ƙofar tanti haka nan, ya tsaya a rana. Kafin la'asar an gane shi, wayoyi sun yi aikinsu.

Ya faɗi zaɓen. Ba zan ɓoye ba, kuma ba zan yi wa labarin kwalliya ba. Abokan hamayya suka samu hoton Mina suka manna shi a kowane bango kusa da tsohon zanen sumar, suna tambayar mutane wanne ne na gaskiya. Waɗansu suka ce an yi shekaru ana yaudararsu. Waɗansu kuma sai a lokacin suka tuna da sunansa na yanka, suka tuna Musulmi ne. Shahul ya rantse mini da Allah ba gashi ba ne ya kayar da shi, tsadar shinkafa ce da rigimar cikin jam'iyya, kuma a shekarar kusan duk 'yan ɓangarensu sun zube. Mai yiwuwa haka ne, ni ban sani ba. Amma shi Alhaji Yakubu bai taɓa yarda da wannan ba. A wurinsa ya yi tambaya an ba shi amsa. Jam'iyya ta ajiye shi gefe cikin ladabi, masu fim kuma ba su san inda za su sa tsoho mai ƙwal-ƙwal ba.

Daga nan ne abotarmu ta fara. Kusan kowace shekara sai ya zo Umra, shi da matarsa kawai, ba sakatare ba laima. Idan ya gama sa'ayi ba ya bari wanzaman bakin Harami su taɓa shi. Sai ya hau tasi da haraminsa har Utaibiyya, ya shigo ya zauna a layi bayan direbobi da 'yan dako, ya hana ni tsallake kowa saboda shi. Shahul kan rufe shago ya kawo shayi mai madara da citta, ya tsaya a kansa kamar dogari. Alhaji ya koyi Larabci kaɗan, ya koyi "sannu da aiki" da "ina gajiya," yana faɗa yana dariyar kansa. Ya taɓa cin tuwo da miyar kuka a gidana, ya yaba, amma na lura sau biyu kawai ya kai loma.

A kujerar nan na ji abin da siyasa ta yi masa. Ya ce a fim idan ya mari azzalumi magana ta ƙare, mutane su tafa su tafi gida. A ofis kuwa azzalumin ne zai shigo, ka miƙe ka ba shi kujera, ka sa a kawo masa shayi, don ƙuri'un unguwa uku na aljihunsa. Abin da yake alfahari da shi ba shi da yawa: ɗakin ƙanƙara da ya gina wa masunta don kifinsu ya daina ruɓewa kafin ya kai kasuwa, da katangar duwatsu da ya fara a bakin teku don igiyar ruwa ta daina cin gidajensu. Katangar ce ke ci masa rai, domin rabi aka yi ya sauka. Na taɓa tambayarsa ko ya yi nadamar askin. Ya ce a'a, ko kusa. Sannan ya ce abin da ke damunsa ɗaya ne, ya so a ce ko mutum ɗari daga cikin masuntan nan shi suke so, ba sumar ba. Na ci gaba da shafa masa kumfa.

Yanzu in na duba duniya sai in ce ina ma yana nan mu yi dariya tare, ko mu yi takaici tare. Mina da ya sani ta tafi. Babu sauran tsugunawa a bakin hanya da reza, sai da takardar izini, cikin shago mai sanyi, kowane kai da sabuwar reza a leda, kuma gaskiya hakan ya fi tsabta, ba na musu. Alhazai kuwa tun ana aske su waya na sama suna nuna wa na gida. Shi da ya ɓoye kansa a ƙarƙashin laima, me zai ce da saurayin da ke sa ni in dakata a tsakiyar aski don hasken bai yi masa kyau ba? Jikokina Larabci suke yi, Hausarsu ta gaisuwa ce da neman abinci. Da na nuna wa babbar cikinsu tsohon fim ɗinsa a waya, ta kalli hurin tukkun nan ta tuntsire da dariya, ta ce, "Ya jaddi," wato kakana, "wannan ne jarumin?" Na ji haushi ƙwarai, na karɓe wayata.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne hoton da Shahul ya turo mini bara. Shi ya koma gida Indiya tuni, gwiwoyi sun gaji, amma muna gaisawa. Jam'iyyar da ta ajiye Alhaji gefe ta gina masa mutum-mutumi a mahadar hanya, an shafe shi da ruwan zinariya. Da suma, mana! Tudu da tukku, babu abin da aka rage. Har wani bidiyo suka haɗa da na'ura, ga shi nan saurayi, yana motsa baki da muryarsa, yana roƙon a zaɓi mutanen da ko gaisuwa ba su zo masa ba yana jinya. Na kalla sau ɗaya na goge. Mutum ya cire abu da hannunsa a wuri mafi tsarki, ya biya da kujerarsa, ya mutu, sannan a ɗauko a mayar masa a ka. Haba! Katangar bakin teku kuwa, in ji Shahul, tana nan inda ya bar ta.

To me ya rage nasa? Finafinan na nan, amma na wani saurayi ne da mutumin Jidda ya ƙera. Mutum-mutumin ba shi ba ne. Ɗakin ƙanƙara na aiki, wannan kam nasa ne, Allah ya sa a mizani. Sauran abin da na sani nasa ne shi ne wanda ya faru ranar da aka binne shi, kuma shi ne dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami.

A lokacin Shahul na gida hutu, ya je jana'izar. Ya kira ni da azahar, ina tsakiyar aiki. Ya ce a al'adar maƙwabtansu waɗanda ba Musulmi ba, idan uba ya mutu ɗansa kan aske kansa tas, alamar ya zama maraya. Ba a yi wa kowa wannan sai uba ko uwa. Ya ce tun da safe masuntan gundumar suka yi layi a bakin teku gaban wanzamansu, tsofaffi da samari, har da waɗanda kowa ya san ba shi suka zaɓa ba a zaɓen ƙarshe. Babu wanda ya ce su yi, jam'iyya ma ba ta sani ba. Reza ta ƙare a ƙauyen, aka aika gari na gaba. Da aka fito da makara, ya hau kan wani kwale-kwale da aka kife ya duba, iyakar ganinsa kawuna ne ƙwal-ƙwal suna ƙyalli a rana, suna bin ta a baya.

"Usta," ya ce, "ba ɗari ba ne. Wallahi ba ɗari ba ne."

Na ajiye reza, na ba mutumin da ke kujera haƙuri, na shiga bayan labule na zauna a kan bokiti. Shekara takwas yana zuwa shagona da tambayar nan a cikinsa, ya tafi da ita kabari yana zaton ya san amsa. Sun so shi, shi ɗin, da sanƙonsa da furfurarsa, kuma babu wanda ya gaya masa yana da rai. Ni ma da nake riƙe da kansa a hannuna duk shekara ban sani ba, balle in faɗa masa.

Allah ya jiƙan Alhaji Yakubu, ya karɓi Hajjinsa, ya sanar da shi abin da mu ba mu samu damar sanar da shi ba.